Minti Bakwai

Shekara talatin da ɗaya mahaifina, Haladu,
yana zaune a inuwar wata katanga a Ikeja,
yana gyaran zif ɗin akwatunan matafiya.
Wanda ya je Jidda, wanda ya je Landan,
duk sun bi ta cinyarsa, allura a bakinsa.
Shi kuwa iyakarsa Agege zuwa Ikeja,
sai Gumel, in an yi rasuwa, a motar dare.

A gidanmu ba a duba agogo.
In kwanon ɗaki ya yi rawa, kofuna suka amsa,
Baba zai ce: na ƙarfe tara ne, yau ya makara.

Asabar ɗin bayan ƙaramar salla
'yata Barira ta fasa asusunta.
Ta ce: Kaka, yau ni zan kai ka sama.
Danfo biyu da keke ɗaya suka kai mu Lekki,
inda ake sayar da tsoro haɗe da dariya.
Ga lilo mai juyi, ga alawa kamar auduga,
ga wani ɗaki mai kan jirgi, ba fiffike, ba jela.

Budurwar ƙofa, an rubuta Morenike a ƙirjinta,
ta dubi furfurarsa, ta rusuna: Baba, za ku iya?
Ya ce: yarinya, na hau molue a tsaye
tun ba a ɗaura auren uwarki ba.

Muka zauna, aka ja mana ɗamara.
Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya taɓe baki:
aikin gaggawa ne, zare ɗaya.
Fitila ta mutu.
Na ji shi ƙasa-ƙasa yana addu'ar tafiya,
bai tsallake ko wasali ba,
don tafiyar da ba ta kai taku guda ba.

Sai kujera ta kwanta baya, allo ya buɗe,
iska ta mare mu daga wani ɓoyayyen bututu,
ƙasa ta sake mu.
Ga doguwar gada, motoci jere a kanta
kamar haƙoran zif da ya cije.
Ga kwale-kwalen Makoko, ɓawon gyaɗa bisa ruwa.
Ga teku, har iyakar ido babu ɗaya gaɓar.
Barira na ihu. Ni dai, ba zan ɓoye ba, na runtse,
gasasshiyar masarar ɗazu ta taso ta tsaya a wuya.
Baba kuwa ya miƙa wuya yana leƙe,
hularsa ta faɗi bai sani ba.
Yana cewa: direba, hagu, hagu kaɗan,
Agege na can bayan layin dogo.
Kwanonmu yake nema,
wanda muka danne da tsohuwar taya.
Jirgin bai ji shi ba. Ya shige girgije.

Minti bakwai. Fitila ta dawo.
Wani yaro na share gugguru a ƙasa.
Ƙofar da muka shigo tana nan inda take.
Na ce: Baba, ka san dai majigi ne da ƙarfe?
Ya ce: ni na sani,
gwiwata ce ba a gaya wa ba. Riƙe ni.

Awa uku muka yi a gosulo, a kan gadar nan dai.
Barira ta yi barci da tsinken alawa a hannu.
Mai tallan ruwa na ratsa motoci da gudu.
Baba ya daɗe yana kallo ta taga,
can ya ce: ashe daga sama ba a jin zafin nan.

Da dare na ƙarfe tara ya wuce, kwano ya yi rawa.
Bai ce ya makara ba.
Ya fita tsakar gida ba takalmi,
ya kunna tocila, ya ɗaga ta sama,
ko akwai wani tsoho a bakin taga
da ke neman rufin gidansu.